Wace Karmar Kuke Nufi?

Duk mai leƙa Facebook ko TikTok ya san yadda abin yake tafiya. Da zarar an ce wani sananne ya yi hatsarin mota, ko auren wata ya mutu, ko an sallami wani daga aiki, kafin a gama jajantawa za ka ga an fara jero kalma ɗaya a ƙasan labarin. "Karma ce ta kama shi." "Karma ba ta mantuwa." Wani ma har da ɗan hoton dariya. Mai rubutawa yana jin ya faɗi magana mai nauyi irin ta waɗanda suka ga jiya suka ga yau, alhali abin da ke ransa bai wuce "Allah ya ƙara" ba, kunyar faɗinsa da Hausa ce kawai ta sa ya ari bakin wasu.

Mu da muke wannan rubutu ba malaman addinin kowa ba ne. Sana'armu rubuta manhajar kwamfuta, kuma a bakin aiki muka yi karo da kalmar. Shekarun baya an ba mu aikin haɗa wani ƙaramin ƙamus na waya. Jadawali ne mai gida biyu, baƙuwar kalma a hagu, Hausarta a dama. Da muka iso kan karma ko tsayawa ba mu yi ba, muka rubuta "alhaki" muka wuce. Manhaja ta fita, mutane suka sauke. Sai daga baya, muna neman fassarar wata kalmar daban, karatu ya ja mu cikin littattafan mutanen Indiya, muka gane irin ɓarnar da muka yi. Saboda haka laifin da za mu yi magana a kansa mu ma mun tafka shi, kuma namu ya fi na mai sharhi a Facebook muni, domin mu koyar da shi muka yi.

Maganarmu ita ce, karma ba alhaki ba ce, ba ƙaddara ba ce, ba kuma sakayya ba ce. Kalma ce ta harshen Sanskirit wadda mutanen Indiya suka shafe sama da shekara 2,500 suna gardama a kan ma'anarta, har gobe kuma ba su daidaita ba. Abin da ɗan Hindu yake nufi da ita daban, abin da mabiyin addinin Jain yake nufi daban, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ya yi daidai da wadda muke jifan mutane da ita.

Tushen kalmar

A Sanskirit akwai saiwar kalma da ake furtawa kamar "kri", ma'anarta yi ko aikata. Daga gare ta aka sami karta, wato mai yi, da kriya, wato yin, da karma, wato abin da aka yi. Wanda ya yi nahawun Hausa a sakandare zai tuna da aikau da aikatau, yadda suka fito daga aiki. To haka abin yake a can. Asalin ma'anar karma aiki ne kawai, babu lada a ciki, babu zunubi.

Panini, masanin nahawun da ya rayu wajen ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya tsara Sanskirit cikin ƙa'idoji kusan 4,000, tsarin da har yau masu ilimin kwamfuta suke sara masa a kai. A wurinsa karma suna ne na abin da aiki ya faɗa wa, wanda mu muke kira karɓau. Yaran makaranta a Indiya har yanzu haka suke koyonsa a darasin Hindi. Idan aka ce "Audu ya sayi doki", dokin shi ne karma. Da a ce wani ya ɗauki ƙamus ɗinmu ya fassara littafin nahawu da shi, da ya gaya wa ɗalibai cewa doki alhakin Audu ne.

A wurin 'yan Hindu

A tsofaffin littattafan Veda, karma tana nufin aikin ibada, musamman hadayar da ake zuba man shanu da hatsi da madara cikin wuta ana karanta baitoci a tsare. Ɓangaren Veda da ya ƙunshi waɗannan ayyuka ma karma-kanda ake ce masa. A nan tambayar ita ce ko an yi aikin daidai, ko an furta kalmomin yadda ya kamata.

Sai wata matsala ta taso. An yi hadaya yau, wuta ta mutu, toka ta huce, amma sakamakon da aka yi alkawari sai bayan shekaru ko bayan mutuwa. Me ya haɗa aikin da ya wuce da sakamakon da bai zo ba? Malaman mazhabar Mimamsa suka ce aikin yana barin wani ɓoyayyen ƙarfi da suka kira apurva, shi ke jira har lokaci ya yi, kuma ba ya buƙatar wani abin bauta ya sa masa hannu. Malaman Vedanta suka ce sam. Shankara, wanda ya rayu wajen ƙarni na 8 Miladiyya, ya tsaya a kan cewa aiki ba shi da hankali, bai san wanda ya yi shi ba balle ya neme shi, don haka dole Ishvara, ubangiji a fahimtarsu, shi ne mai raba sakamako gwargwadon aikin kowa. Ka ga tun a cikin gida ɗaya an rabu a kan babbar tambaya: karma da kanta take aiki ko da mai tafiyar da ita?

Ma'anar da ta shafi hali ta bayyana a littattafan Upanishad. A cikin Brihadaranyaka, ɗaya daga cikin mafiya tsufa, an tambayi malami Yajnavalkya a gaban taro abin da ke saura na mutum bayan ya mutu. Bai amsa a bainar jama'a ba, ya ja mai tambayar gefe suka tattauna su biyu, kuma abin da suka tattauna a kai shi ne karma, cewa aikin mutum shi ke mayar da shi abin da zai zama. Maganar da malaminta ya ga ta fi ƙarfin taro, ita ce yau muke watsawa da babban yatsa muna kwance.

Wannan ma'ana a ɗaure take da imani da sake haihuwa, wato rai ya bar wannan jiki ya dawo duniya a wani. Malaman baya sun kasa karma uku, suna misali da maharbi. Akwai kiban da ke cikin kwari, su ne tarin ayyukan rayuwoyin da suka gabata waɗanda ba su nuna ba tukuna. Akwai kibiyar da ta riga ta bar baka, ita ce rabon da ya haifar da wannan rayuwa, ba ta dawowa. Akwai kuma wadda ake ɗanawa yanzu. A wannan lissafi, abin da ya sami mutum ranar Talata ba lallai ne ya zama sakamakon abin da ya yi ranar Litinin ba. Yana iya zama na wata rayuwa da shi kansa bai san da ita ba.

Bhagavad Gita, mai babi 18 da baiti 700 a cikin Mahabharata, ta sake juya kalmar. Arjuna ya tsaya a filin daga na Kurukshetra, ya hango 'yan'uwansa da malamansa a sahun abokan gaba, gwiwarsa ta yi sanyi ya ajiye baka. Kirishna ya nuna masa cewa ba mai rai da zai iya zama ba aiki, kuma abin da ke ɗaure mutum shi ne kwaɗayin amfanin aikin. Wanda ya sauke nauyin da ke kansa bai sa rai ga riba ba, aikin ba zai kama shi ba. A ƙarshe Arjuna ya ɗauki bakansa ya yi yaƙi. A riƙe wannan, domin nan ne hanya za ta rabu.

Ban da haka, miliyoyin 'yan Hindu masu bin tafarkin ƙauna ga Vishnu ko Shiva ko wata abar bauta sun yi imani cewa rahamar wanda suke bauta wa tana iya goge karma. Suna wanka a kogin Ganga da wannan niyya. Suna yi wa iyayensu da suka mutu hidimar shraddha, da dunƙulen shinkafa, don amfanin ya isa gare su.

A wurin mabiya Jain

Mabiya Jain ba su da yawa. Ƙidayar Indiya ta 2011 ta nuna ba su kai miliyan 5 ba, kusan kashi 0.4 cikin ɗari, yayin da 'yan Hindu suke kusan kashi 80. Amma addininsu tsoho ne. Mahavira, wanda suke lissafawa a matsayin na 24 a jerin manyan malamansu da ake kira Tirthankara, ya yi zamani da Buda. Kuma babu wata al'umma a Indiya da ta zauna ta yi wa karma filla-filla kamar su.

A wurinsu karma abu ce mai jiki. Ƙura ce, ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, waɗanda suka cika duniya ko'ina. Rai a asalinsa tsarkakakke ne, mai cikakken sani da ƙarfi da ni'ima. Duk motsin da mutum ya yi da jiki ko harshe ko zuciya yana jawo wannan ƙura zuwa ga rai. Abin da ke sa ta manne kuwa abubuwa huɗu ne: fushi, girman kai, yaudara da haɗama. Misalin da suke bayarwa kowane Bahaushe zai gane shi. Shafa mai ka fita cikin iskar hunturu, ka ga yadda ƙafarka za ta koma. Wanda bai shafa ba, ƙurar za ta taɓa shi ta zube.

Littafin Tattvartha Sutra na Umasvati, wanda aka rubuta da Sanskirit a ƙarnukan farko na Miladiyya, kuma manyan ɓangarorin Jain biyu, Digambara da Shvetambara, duk suka yarda da shi, ya jera matakan: shigowar ƙurar, mannewarta, toshe mata hanya, kakkaɓe wadda ta riga ta manne, sannan kuɓuta. Ƙurar kanta iri takwas ce. Huɗu suna yi wa rai illa kai tsaye: mai rufe sani, mai rufe tsinkaye, mai ruɗarwa, da mai tare hanyar ƙarfi. Huɗu kuma suna tsara yanayin rayuwa: mai kawo daɗi ko zafi, mai ƙera jiki, mai zaɓar matsayin gidan haihuwa, da mai yanke tsawon kwana. Waɗannan takwas an sake rarraba su zuwa 148 a wani lissafin.

Mu da muka saba da rumbun bayanai, abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne yadda kowace mannewa take da ma'auni huɗu: irinta, yawanta, tsawon zamanta da ƙarfinta. Motsi shi ke yanke iri da yawa, zafin son zuciya shi ke yanke tsawon zama da ƙarfi. An rubuta manyan littattafai a kan wannan kaɗai, kamar Shatkhandagama da sharhinsa Dhavala wanda Virasena ya kammala a shekarar 816. Mutanen da suka yi wannan wahala, mu muka taƙaita su da kalma ɗaya a gidan dama na jadawali.

A wannan tsari babu mahalicci, babu alƙali, babu mai yafewa. Tirthankara sun nuna hanya sun wuce, ba sa sa baki a al'amarin kowa. A koyarwar Jain ba mai ɗauke wa wani ƙurarsa, shi ya sa ba su yarda cewa hidimar da ɗa zai yi za ta canza wa mahaifinsa da ya mutu komai ba. Ko aikin alheri ma ƙura yake jawowa, mai daɗi dai, amma ƙura ce. Malaminsu Kundakunda ya kwatanta abin da mari na zinariya da mari na ƙarfe, duka biyun ɗaurewa suke yi. Ran da ya kakkaɓe komai kuwa sai ya tashi zuwa ƙololuwar duniya, kamar gorar da aka yi wa shafen laka aka jefa a ruwa: tana nutsewa, amma da lakar ta jiƙe ta zube sai ta taso sama da kanta.

Bambancin ba na baki ba ne

Wani zai ce wannan ai gardamar malamai ce. To a duba yadda take sauka a kan tukunya da tabarma. Tunda motsi shi ke jawo ƙura, kuma cutar da mai rai shi ne mafi munin motsi, masu zuhudun Jain suna share wurin da za su zauna da tattausar tsintsiya don kada su danne ƙwaro. Wasunsu suna rufe baki da ƙyalle. Ana tace ruwa kafin a sha. Masu tsanantawa ba sa cin abinci bayan faɗuwar rana, ba sa cin dankali da albasa da tafarnuwa domin a ganinsu abin da ke girma a ƙarƙashin ƙasa cike yake da rayuka. Har kamfanonin jiragen sama suna da abinci na musamman da sunansu. Ba wai ba su damu da niyya ba, sun damu ƙwarai. Amma inda Gita ta ce wa Arjuna ya gyara zuciya ya ci gaba da aiki, hanyar kuɓuta a Jain tana bi ne ta rage aikin kansa, da azumi da kamewa, har motsi ya ƙare.

Abin ya kai har gaban alƙali. Akwai al'adar sallekhana, ko santhara, inda tsoho ko marar lafiyar da ya ga ƙarshe ya zo yake rage ci da sha a hankali har rai ya fita. A watan Agustan 2015 Babbar Kotun jihar Rajastan ta yanke cewa wannan kashe kai ne, doka kuma ta hana. Mabiya Jain suka fito zanga-zanga a garuruwa da dama. Hujjarsu ita ce kashe kai aiki ne na fushi ko fid da rai, wanda ke ƙara ƙura, wannan kuwa kakkaɓe ta ne cikin natsuwa. Kafin watan ya ƙare Kotun Ƙolin Indiya ta dakatar da hukuncin. Mutum yana iya ƙin al'adar, mu ma ba tallarta muke yi ba, amma ba zai fahimci abin da ake jayayya a kai ba muddin yana ɗauka karma na nufin "abin da ka shuka".

Ba karma kaɗai ba ce. Kalmar da ta fara jan mu cikin wannan karatu ita ce dharma. A wurin 'yan Hindu tana nufin tsari da wajibi da abin da ya dace. Jain ma suna amfani da ita haka, amma a iliminsu na yadda duniya take, dharma suna ne na wani abu marar jiki da ke ba halittu damar motsi, kamar yadda ruwa yake ga kifi, adharma kuma shi ke ba su damar tsayawa, kamar inuwa ga matafiyi. Yoga, wadda a wurin Patanjali take nufin kwantar da kai-kawon zuciya, a Tattvartha Sutra ita ce sunan motsin nan da ke jawo ƙura. Kalma ɗaya, a wani gida magani, a wani gida ƙofar cuta.

A sana'armu mun san irin wannan. Rubuta 03/04 a takarda, Ba'amurke zai karanta 4 ga Maris, Bature ɗan Ingila zai karanta 3 ga Afrilu. Kwamfuta ba za ta yi ƙorafi ba, za ta karɓa ta ci gaba da lissafi, sai ranar da aka tashi biyan albashi a gane an yi wata guda ana tafka kuskure. Matsalar da ta fi ba mu tsoro ita ce wadda ba ta tsayar da manhaja, wadda ke ba da amsa mai kama da daidai. "Karma: alhaki" irin wannan ce.

Ta ina ta shigo mana?

Abin mamaki, ba daga Indiya muka karɓe ta ba. Mun shafe shekaru muna kallon finafinan Indiya. Iyayenmu sun kalli Karz na 1980 da Karan Arjun na 1995, waɗanda gaba ɗaya a kan sake haihuwa aka gina su. Akwai ma fim sukutum mai suna Karma na 1986, da Dilip Kumar a ciki. Duk da haka kalmar ba ta zauna a bakin Hausawa ba sai da wayar hannu ta zo.

Ta Turanci ta biyo. A ƙarni na 19 ƙungiyar Tiyosofi, wadda Helena Blavatsky da Henry Olcott suka kafa a birnin Niyok a 1875, ta taimaka wajen yaɗa kalmar a Turai da Amurka. A 1970 John Lennon ya fitar da waƙa mai suna Instant Karma, wato karmar nan take. Yau dandalin Reddit karma yake kiran makin da mutum ke tarawa idan an so rubutunsa. A kowane zango an sauke wani kaya: an sauke sake haihuwa, an sauke kuɓuta, an sauke gardamar ko akwai mai raba sakamako. Abin da ya iso Kano da Zinder ɓawo ne, gwanjon gwanjo, mu kuma muka saka muna taƙama.

Abin da za a ce mana

Za a ce harshe ai haka yake, yana aro yana sauya ma'ana. Gaskiya ne. Alhaki da haƙƙi duk daga kalmar Larabci ɗaya suka fito, kowace ta kama gabanta, ba wanda ya kai ƙara. Amma mu ne fa muke tayar da jijiyar wuya idan jaridun waje suka fassara almajiri da yaro mabaraci, ko suka mayar da shari'a yanke hannu kawai, ko jihadi ta'addanci. Muna cewa ku tambayi masu abin, ku karanta kafin ku rubuta. Muna da gaskiya. To masu karma ma suna nan da ransu, sun haura biliyan, suna da malamai da makarantu da littattafai. Abin da ba mu yarda a yi mana ba, da wane dalili za mu yi wa wasu?

Za a ce su ma talakawan Indiya haka suke amfani da ita sakaka, mutum ya yi tuntuɓe ya ce karmarsa ce. Wannan ma gaskiya ne. Sai dai shi yana faɗa ne a cikin gidan da kowa ya san sauran zancen, kuma sau da yawa a kan kansa yake faɗa. Mu kuwa mun ɗauko wadda aka yanke wa saiwa, kuma ba ma tuna ta sai wani ya faɗi.

Za a kuma ce ai duk tafiyar ɗaya ce, ka yi nagari ka ga nagari. A nan ne muka fi ja. Alhaki a Hausa yana da mai shi. Akwai wanda aka zalunta, akwai wanda ya yi zaluncin, akwai Allah da zai bi kadi, akwai kuma ƙofar neman gafara: ka je ka roƙi wanda ka cuta, in ya yafe an wuce wurin. Shi ya sa ake cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. A karmar Jain yafewar wanda ka cuta ba ita ke kakkaɓe maka ƙura ba, aikin da ka yi a kan zuciyarka ne. A karmar Mimamsa ba a ma buƙatar wanda aka cuta. Mafi yawan masu rubuta kalmar a wayoyinmu, Musulmi da Kirista, ba su yarda da sake haihuwa ba. Ke nan suna jingina da bangon da su da kansu suka ce babu shi.

Inda abin yake da haɗari

Karanta musibar mutum a matsayin shaidar laifinsa ba wasa ba ne, kuma Indiya ta ɗanɗana. Littafin Chandogya Upanishad ya danganta haihuwa a gidan Birahmin da kyakkyawan aikin baya, ya danganta haihuwa a gidan waɗanda ake ƙyama da mummunan aiki. An daɗe ana amfani da irin wannan karatu ana gaya wa mai kwasar ƙazanta cewa shi ya jawo wa kansa. B. R. Ambedkar, wanda aka haifa cikin waɗanda ake ƙyamar taɓawa, ya kuma jagoranci kwamitin rubuta tsarin mulkin da ya haramta wannan ƙyama a 1950, ya yi fatali da wannan fassara. A 1956 a Nagpur ya koma addinin Buda tare da dubban ɗaruruwan mutanensa. Duk wanda ya rubuta "karma" a ƙarƙashin hoton mai ciwo, ya sani ko bai sani ba, wannan tsohuwar sanda ya ɗauka.

Su kansu masu kalmar sun yi gargaɗi. Gita ta yarda cewa hanyar karma tana da wuyar ganewa. A wurin Jain, wanda ya kai cikakken sani ne kaɗai zai iya ganin wace ƙura ce ta haifar da wane sakamako. Tattvartha Sutra kuma ta lissafa abubuwan da ke jawo wa mutum ƙasƙantacciyar haihuwa, a cikinsu akwai kushe wasu, da yabon kai, da ɓoye alherin mutane. Dariya ma tana cikin ƙananan abubuwan da suka ce suna sa ƙura ta kama. Wato da ma'aunin masu abin, wanda ya ga wani ya faɗi ya tsaya yana ƙyaƙyatawa yana rubuta "karma", a daidai lokacin shi ne ya shafa mai ya shiga iska. Abin da su suke yi kuwa, a ƙarshen kwanakin ibadarsu na Paryushan kowace shekara, shi ne su bi 'yan'uwa da abokai har da abokan gaba suna neman afuwar duk abin da suka yi musu.

Roƙonmu

Ga 'yan'uwanmu masu rubuta manhaja, da masu fassara finafinai, da masu cika shafukan Wikipedia ta Hausa, da marubuta labarai: rubutun Hausa a intanet bai da yawa, don haka kowane layi da muka saka yana da nauyin da layin Turanci ba shi da shi. Injinan fassara da manhajojin ƙirƙirarriyar basira daga abin da muka rubuta suke koyo, su maimaita wa yaran da ba za su taɓa buɗe littafin Umasvati ba. Idan kalma ta ƙi shiga gida ɗaya, a faɗaɗa jadawalin. A rubuta: a nahawu kaza, a wurin 'yan Hindu kaza da kaza, a wurin Jain kaza. Layi huɗu ba su fi ƙarfinmu ba.

Mu mun koma mun gyara namu. Amma mun san akwai wayoyin da ba a sabunta manhajar a cikinsu ba, akwai kuma waɗanda suka kwafi tsohon jadawalin suka zuba a nasu, ba mu da hanyar kiran su. Wannan kam alhaki ne, da ainihin ma'anarsa ta Hausa, kuma a wuyanmu yake.

Ga sauran masu karatu kuma, ba mu ce ku bar kalmar don ta wani addini ce ba. Ku san ta, ku faɗe ta a inda ta dace, ku iya amsawa idan aka tambaye ku wacce kuke nufi. In alhaki kuke nufi ku ce alhaki, ku faɗi na wa, ku kuma tabbata kun san abin da ya faru. In kuwa abin da ke zuciya shi ne "Allah ya ƙara", to a daure a rubuta shi haka da Hausa, a karanta shi da ƙarfi sau ɗaya kafin a tura. Da yawanmu za mu goge.